Wa Ya Taɓa Min Mutumina?

Shekara ashirin da bakwai na yi ina aiki da Baba Likita a sashen yara, kuma har dab da ƙarshen shekarun nan babu yaron da ya taɓa ganinsa riƙe da allura. Ni ce mai yin allurar. Ni ce nas ɗinsa, shi yana kirana Sista, yaran gari kuwa suka raɗa min Mai Allura, sunan ya bi ni har kasuwa. Na sha shiga shago in ga yaro ya saki hannun uwarsa ya shige ƙarƙashin tebur. Akwai wani ƙaton direban tasi mai gemu har ƙirji da ya taɓa tsayawa zai ɗauke ni, da ya leƙo ya gane fuskata sai ya ja motarsa ya yi gaba. Na tuna shi sarai, yana ɗan shekara biyar ya cije ni a yatsa.

Shi kuwa Baba Likita in ya fito titi, yara rige-rigen riƙe masa jaka suke yi.

Gajere ne, mai sanƙo, da ɗan tumbinsa daidai misali. Duk wandunansa sun koɗe a gwiwa, domin bai yarda ya duba yaro daga sama ba, durƙusawa yake yi har sai idonsa ya zo daidai da na yaron. Matarsa, wadda duk muke kira Mama, ta gaji da kai wa tela faci, har ta ce wanda bai san mijinta ba zai ɗauka mai gyaran famfo ta aura. Abin sauraren ƙirjinsa kullum yana cikin aljihun wando don ya yi ɗumi. Kafin ya ɗora shi a kan yaro sai ya fara ɗora shi a kan takalmin yaron, ya ɗaure fuska, ya kasa kunne, sannan ya sanar wa uwar cewa takalmin nan mura ke damunsa. Jariri ɗan kwana uku ma "ranka ya daɗe" yake ce masa, ya nemi izini kafin ya ɗaga masa riga. In jaririn ya tsula masa fitsari sai ya kaɗa kai ya ce, "To, an ba mu izini."

Ba ya riƙe sunan kowa, ciwo yake riƙewa. Wata rana a wurin wani taro ya yi kicibis da wata babbar alƙaliya, ga mijinta a gefe, ga manyan mutane kewaye da ita. Ya tsaya ya ƙura mata ido, can sai ya tafa hannu ya ce, "Ƙwayar wake! Hancin hagu! Wallahi kin girma." Baiwar Allah nan ta rasa inda za ta sa kanta, amma sai ga ta durƙushe tana gaishe shi.

In ɗalibai suka tambaye shi me ya sa ya zaɓi yara, amsarsa ɗaya ce. Ya ce manya maƙaryata ne. Babba zai rantse maka ya daina shan taba, warin yana fitowa daga bakinsa, amma yaro in ya nuna ciki ya ce nan ke ciwo, to nan ɗin ne. Ɗalibai su rubuta a littafi. Ni kuwa in kau da kai, domin na san ainihin zancen. Baba Likita tsoron allura yake yi, tsoro na gaske. Yana ɗalibi, ranar da aka fara miƙa masa sirinji, sumewa ya yi a kan tsohon da zai yi wa allurar, sai tsohon ne ya tashi yana yi masa fifita. Wata tsohuwar nas ta sashen yara ce ta tausaya masa, ta ce, "Zo nan wurina. Kai ka riƙa magana, ni in riƙa allura." Da ta yi ritaya, ni na gaje ta.

Ga yadda muke yi. In ya gama duba yaro ya rubuta allura a kati, sai ya dubi agogonsa ya ce, "Af! Na manta shayina a wuta." Ya fice. Babu wani shayi, ba a taɓa yin shayi ba a sashen nan. Ni in rufe ƙofa, uwa ta riƙe, in yi abin da ya kawo ni. Da zarar ihu ya tashi sai ya banko ƙofa, ido waje.

"Wa ya taɓa min mutumina? Sista! Ke ce ko? Daga fita shan shayi? Kawo hannun!"

In miƙa hannu, ya ɗan taɓa shi, sannan ya ɗauko yaron ya ce shi ma ya rama. Yara kuwa ba su san ɗan taɓawa ba. Bayan hannuna na dama ya sha duka fiye da ganga. Yaro ya fita yana dariya da hawaye a kumatu, yana ɗaga wa likita hannu yana harara ta, kuma in ya sake yin rashin lafiya ba sai an jawo shi ba, da ƙafarsa zai zo wurin abokinsa. Dabarar tana aiki, ban taɓa musun wannan ba. Amma in na ce ba ta taɓa yi min ciwo ba na yi ƙarya. Allah bai ba ni haihuwa ba, kuma dubban yaran da suka bi ta hannuna babu ɗaya da ya taɓa rugowa ya rungume ni.

Sai Rediyo.

Saura wata uku Baba Likita ya yi ritaya, 'yarsa tilo ta dawo gida da 'yarta, saboda mijinta ya sami aiki a wata ƙasa mai nisa, ya riga ya tafi nema musu wurin zama. Jikar shekararta huɗu, bakinta ba ya rufuwa daga safe har ta yi barci, shi ya sa ake kiranta Rediyo. A wani gari aka haife ta, can aka yi mata duk rigakafinta, don haka ba ta san ko ni wace ce ba. Ranar farko da kakanta ya zo da ita asibiti, ta saki hannunsa, ta nufo ni kai tsaye, ta haye cinyata.

"Ke, me ya sa hularki 'yar ƙarama ce? Wanki ne ya cinye ta?"

Na ƙame. Yaran da ke zaune a kan benci suka zaro ido kamar sun ga ta hau bayan kura. Kafin a tashi aiki ta mai da ni Goggo, ta naɗe min yatsu uku da filasta, ta ba ni labarin duk mutanen gidansu har da wanda ke yin minshari. Daga ranar kullum sai ta zo da rana. In lokacin allura ya yi sai a tura ta ɗakin kati ta taya magatakarda surutu. Yaran benci kuwa kallo ɗaya na yi musu, babu wanda ya kuskura ya faɗa mata sunana.

Kakanta shi ma ya haukace a kanta. Yana fama da hawan jini, zuciyarsa kuma ta fara ba shi gargaɗi, ya fi kowa sanin abin da hakan ke nufi. Wata rana muna wanke hannu ya ce min, "Sista, in sun tafi ban san yaushe za su dawo ba, ban kuma san ko zan ga girmanta ba. Abin da nake so kawai, in ta tuna ni ta yi dariya."

Saura kwana goma sha biyu su tafi, Rediyo ta kamu da ciwon maƙogwaro mai zafin zazzaɓi, duk maganin da aka ba ta sai ta amayar. Ranar Asabar ce da yamma, ɗaya nas ɗin da muke aiki tare ta tashi daga aiki, daga ni sai shi sai uwar yarinya. Ya duba ta, ya rubuta kati, ya dubi agogo, ya ce ya manta shayinsa. Har ya kai bakin ƙofa. Ni kuwa ina tsaye, sirinji a ɓoye a bayana, Rediyo ta riƙe ɗan yatsana da hannunta mai zafi tana cewa, "Goggo, kar ki tafi."

Na ce, "Likita, yau hannuna ciwo yake."

Ya juyo ya dubi hannun, lafiyarsa lau. Ya dubi fuskata. Da ya ce in yi, da na yi, aikina ne. Amma sai ya dawo a hankali ya miƙo hannu.

"Shekara ashirin da bakwai kina shan duka a madadina. Kawo. Je ki sha shayin."

Na fita na tsaya a inda ya saba tsayawa. A ranar na lura fentin bangon ya goge a wuri ɗaya, daidai tsayin goshinsa. Ashe nan yake kifa kai ya toshe kunnuwa duk shekarun nan. Ban gama mamaki ba na ji ihu. Ihu biyu ma na ji, kuma har yau ban tantance na waye na biyun ba.

Na banko ƙofa kamar yadda na ga yana yi.

"Wa ya taɓa min mutuniyata?"

A nan na yi kuskuren. Shi jimla uku yake yi, yana yi yana ƙifta wa uwar yaro ido. Ni kuwa ban taɓa riƙe wannan ɓangaren ba, ga shekara ashirin da bakwai maƙale a maƙogwarona. Da na buɗe baki sai suka fito gaba ɗaya.

"Kai ne ko? Tsoho da kai! Ba ka jin kunya? Da sanƙonka da tumbinka, ka rasa wanda za ka soka sai 'yar wannan? Mugu! Mugu kawai! Kawo hannun!"

Ya miƙo hannu, na sauke masa dukan da sai da mai gadi ya leƙo ta taga. 'Yarsa ta ce, "Goggo, ya isa haka mana." Rediyo ta daina kuka. Ta dubi kakanta daga sama har ƙasa, kallon wanda aka daɗe ana ɓoye mata halinsa, sannan ta ɓoye fuska a ƙirjina.

Cikin kwana uku ta warke sarai. Kakanta ne ya kwanta. Ta daina ce masa Kaka, sunansa ya koma Mugu. In ya shigo falo ta fice, in ya zauna cin abinci ta ɗauki kwanonta ta koma kicin. Mutumin da ya shekara talatin yana wa iyaye huɗuba a kan illar alewa, sai ga shi a shago yana sayen leda guda, mai shagon yana kallonsa yana murmushi. Rediyo ta ƙi taɓawa, ta ce a kawo wa Goggo ta duba ko akwai allura a ciki. Ya sayo mata keke, ta sa aka fitar da shi waje, ta ce ba ta yarda da kujerar ba. Har rarrafe ya yi a tsakar falo yana kukan jaki. Ta leƙo daga bayan labule ta kalle shi tsaf, sannan ta je ta ce wa kakarta, "Mama, Mugu ya faɗi."

Mama ta kira ni a waya. "Sista, me kuka yi wa mijina a asibitin nan? Mutum ba ya ci, ba ya magana, jiya na same shi yana sauraren ƙirjin 'yar tsanar Rediyo shi kaɗai."

Na zaunar da Rediyo a cinyata na ce mata wasa nake yi, Kaka yana sonta, allurar ce ta warkar da ita. Ta saurare ni har na gama, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba.

"Ai ke kika ce mugu ne. Ke kuma ba kya ƙarya."

Gaskiya kuwa, wani ɓangare na zuciyata daɗi yake ji, domin yanzu ni kaɗai ce tata. Na ji kunyar wannan daɗin, amma na ji shi.

A wurin aiki ma ya lalace. Ya fara ɗora wa yara abin sauraren ƙirji da sanyinsa, ya daina gaishe da jarirai. Saura kwana uku su tafi na same shi a bakin famfo yana ɓoye hannu a bayansa, jini na ɗiga a ƙasa. A bangon ɗakinsa akwai wani raƙumin dawa na katako da muke auna tsayin yara da shi, shi ya zana shi da hannunsa shekarar da ya fara aiki. Rediyo tana son raƙumin nan. Wai shi ne ya ce bari ya ɓamɓaro shi ya kai mata, dabararsa ta ƙarshe ke nan. Wata tsohuwar ƙusa mai tsatsa ta tsaga masa tafin hannu.

Na wanke ciwon na ɗaure. Sannan na ce, "Yaushe rabonka da allurar da ake yi wa wanda ƙarfe mai tsatsa ya yanka?"

"Sista, sabulu ya wadatar."

"Da yaro aka kawo maka da wannan, me za ka rubuta a kati?"

Ya dubi agogonsa. Na ce in ya ambaci shayi zan kulle ƙofa. Ya ce a bari sai gobe, na ce yau. Ya ce shi ne likita, na ce saura masa mako biyu ya yi ritaya.

Na bar shi nan na shiga ɗakin ajiye magani, na kira 'yarsa na ce ta kawo Rediyo yanzu, ta ce mata Goggo ce ke nemanta. Na ajiye wayar na zauna a kan kwali na ɗan lokaci. Na san abin da zan yi, na kuma san abin da zan rasa.

Na dawo na same shi zaune a kan gadon duba yara, ƙafafunsa na reto, ya naɗe hannun riga, ya runtse ido, yana karanto duk addu'ar da ya sani. Na yi ta jan lokaci, ina goge dantsen da auduga ina sake gogewa, har ya ce ko wanka zan yi masa. Ƙofa kuwa na bar ta a ɗan buɗe. Ita Rediyo ana jin ta kafin a gan ta.

"Goggo! Goggo, kin san me? Yau kyanwar maƙwabtanmu ta—"

Ta turo ƙofa. Na ɗaga sirinjin sama sosai, yadda za ta gan shi da kyau a hannuna. Sannan na soka. An san ni da sauƙin hannu, likitoci daga wasu sassa ni suke kawo wa 'ya'yansu. Ranar ban yi sauƙin hannu ba.

"Wayyo Allah! Wayyo Mama! Sista kin kashe ni!"

Ba wasa yake yi ba, bai ma san tana wurin ba. Hawaye na gaske ne suka zubo masa har gemu. Rediyo ta tsaya a bakin ƙofa, baki buɗe, karo na farko babu magana a cikinsa. Ta dubi allurar, ta dubi kakanta, ta dube ni.

"Goggo, ke ma kina yi?"

"Ni ce mai yi. Kullum ni ce. Ranar nan ma ni na ba shi, na ce ya yi miki."

Na ga abin yana shiga kanta. Fuskarta ta yamutse kamar za ta yi kuka, sai kuma ta fasa. Ta riƙe ƙugu, ta tako tsakiyar ɗaki.

"Wa ya taɓa min mutumina? Ke ce ko? Tsohuwa da ke! Ba kya jin kunya? Da 'yar hularki! Muguwa! Kawo hannun!"

Ko kalma ɗaya ba ta manta ba. Na miƙa hannu, ta ɗaga nata har sama ta sauke. Sannan ta kama ƙafar gadon ta haye, ta zauna a cinyar kakanta, ta sa gefen rigarta tana share masa fuska.

"Yi shiru, Kaka, ya wuce. Da zafi ko?"

"Da zafi."

"Ni ma nawa da zafi. Amma ban yi kuka kamar kai ba."

Ya rungume ta da hannun mai bandeji, kukan ya ƙaru, amma wannan ba na allura ba ne. 'Yarsa tana bakin ƙofa tana dariya tana share ido. Ni na tattara tirena na fita.

Mama ta ce kwana ukun nan ko banɗaki zai shiga sai Rediyo ta tsaya gadi a bakin ƙofa, kada wani ya taɓa mata mutuminta. Ranar tafiya suka biyo ta asibiti su ɗauki raƙumin dawan, domin ta rantse ba za ta hau jirgi ba sai da shi. Raƙumin ya cinye wurin zaman kakan a mota, dole a nan bakin ƙofar asibiti suka yi sallama. Ta yi ta ba shi umarni: ya riƙa shan magani, ya daina taɓa ƙusa, ya riƙa kiran ta a waya kullum. Yana ce mata, "To, ranki ya daɗe," tana dariya.

Uwarta ta ce, "Ba za ki yi wa Goggo sallama ba?"

Ta shige bayan koɗaɗɗen wandon kakanta, ta leƙo da ido ɗaya.

"Mai Allura ce."

Yaran benci sun riga sun sanar da ita. Na ji sunan nan sau dubu nawa ban damu ba. Na ɗaga mata hannu har motar ta sha kwana, sannan na shiga ɗakin ajiye magani na rufe ƙofa, na zauna a kan kwalin nan na yi kukana son raina.

Can na ji an ƙwanƙwasa. Ya shigo, ya tsaya yana kallona.

"Sista, tsakaninki da Allah, da gangan kika danna ta haka? Har yau ba na iya ɗaga hannun."

"Rabi saboda ita. Rabi saboda ni."

Ya kaɗa kai kamar ya yarda hukuncin ya yi daidai. Sannan ya dafa kantar magani, ya durƙusa a hankali, gwiwoyinsa na ƙara, har idonsa ya zo daidai da nawa. Bai ɗaga murya ba.

"Wa ya taɓa min mutuniyata?"

Na ce, "Kai ne."

Ya miƙo hannun mai lafiya. Na kama shi da nawa na dama, wanda ya sha dukan, amma ban doke shi ba, riƙewa kawai na yi. Mun daɗe a haka, har wata uwa ta fara ƙwala sallama a kan benci. Da ya zo tashi gwiwar ta ƙi, sai da na kira mai gadi muka ɗaga shi.